Filin Kimiyya: Yadda Fitila Ke Sauya Launin Kaya

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari a Kano, ko kasuwar Balogun a Legas, ya san wata al'ada da masu sayen tufafi ba sa barinta. Mace za ta zaɓi turmin atamfa a can ƙuryar kanti, ta juya shi, ta shafa, a yi ta ciniki har a kusa daidaitawa, sa'an nan ta ce wa mai kanti, "Alhaji, bari in gan shi a waje." Sai yaron kanti ya ɗauko turmin ya biyo ta bakin ƙofa, ta warware gefe guda ta duba a hasken rana. Sau da yawa a nan ne ciniki kan faɗa, sau da yawa kuma a nan yakan watse, domin abin da ta gani ruwan hanta a ciki ya fito ruwan ƙasa a waje, ko kuwa shaddar da aka ɗauka baƙa ce ta bayyana shuɗiya mai duhu. Mai kanti bai musanya turmi ba, idon matar kuma lafiyarsa lau. Abin da ya sauya shi ne hasken da ke sauka a kan tufar.

A wannan mako filin nan zai duba dalilin haka, domin maganar ta wuce ta kayan lefe, ta kai har ga lafiyar jarirai. Bahaushe yakan raɗa wa launi suna da sunan abin da ya san shi da shi: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan hanta, ruwan ƙasa. Wannan ya sa ake ganin kamar launi wani abu ne da ke manne a jikin kaya dare da rana, kamar yadda nauyinsu yake. Masana kimiyya kuwa sun tabbatar cewa abubuwa uku ne ke haɗuwa su haifi launi, watau hasken da ya sauka a kan abu, da jikin abin kansa, da kuma idon mai kallo tare da ƙwaƙwalwarsa. Tamkar murhu ne mai duwatsu uku, wanda idan aka gusar da dutse ɗaya tukunya za ta karkace.

Mutanen da sun daɗe suna zaton wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Wanda ya rushe wannan zato da hujja shi ne shahararren malamin nan Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A cikin littafinsa mai suna Kitabul Manazir ya nuna cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido. Har ila yau ya lura cewa launin abu guda yakan bambanta gwargwadon hasken da ke kansa, kuma idan aka ajiye farin ƙyalle kusa da abu mai launi sosai wanda rana ke haskawa, launin yakan bayyana a jikin ƙyallen.

Bayan fiye da shekara 600, a wajen 1666, wani matashin masani na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, mai suna Isaac Newton, ya rufe ɗakinsa ya bar wata 'yar huda a jikin taga, ya tare zaren hasken da ya shigo da wani gilashi mai kusurwa uku. Hasken da ya shiga gilashin fari sai ya fito a jikin bango a baje, daga ja zuwa ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, ruwan shuni, har zuwa shunayya, kamar dai bakan gizo. Da ya sake tattara su wuri guda sai suka koma fari. Ya aika da bayanin wannan ga Ƙungiyar Masana ta Sarauta da ke Landan a 1672, ya kuma faɗaɗa shi a littafinsa na ilmin haske wanda ya fito a 1704. Ta haka aka gane cewa farin hasken rana gami ne na dukan launuka. A yau an san cewa haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tsawon zangon igiyar shi ke bambanta launi da launi. Idon mutum yana ganin abin da ke tsakanin wajen nanomita 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja yake. Nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita.

Akwai wani gwaji na Newton wanda ya fi dacewa da zancen yau. Ya ajiye wani jan gari da wani shuɗin gari gefe da gefe, ya haska su da jan haske tsantsa wanda ya ware daga gilashinsa. Dukansu biyu suka zama ja, sai dai jan garin ya yi haske ƙwarai, shuɗin kuwa ya yi duhu. Da ya haska su da shuɗin haske sai lamarin ya juye. Ya gwada har da shuni, irin wanda ake samu daga baba a yi rini da shi a marinar Ƙofar Mata, ya ga ya fi ƙyalli a shuɗin haske, yana kuma dusashewa sannu a hankali yayin da ake matsar da shi zuwa kore da rawaya har zuwa ja.

Bayanin abin mai sauƙi ne. Idan farin haske ya sauka a kan nunannen tumatir, fatarsa takan shanye yawancin shuɗi da kore, ta mayar da ja, shi ne ya shiga ido aka ce tumatir ja ne. Ganyen zogale yakan shanye yawancin ja da shuɗi ya mayar da kore. Farar takarda takan mayar da kusan duka, gawayi kuwa ya shanye kusan duka. Saboda haka babu wani abu da zai iya mayar wa ido da launin da fitila ba ta ba shi ba. Idan hasken da ya sauka a kan tumatir babu ja a cikinsa, to tumatir ba shi da abin mayarwa, sai a gan shi baƙi-baƙi.

Kowane ɗan makaranta zai iya tabbatar da wannan a gida. A nemi tocila, da jar leda mai shara-shara a ninka ta sau uku ko huɗu a ɗaure a bakin tocilar. A jera tumatir, da ɗanyen ganye, da shuɗin ƙyalle, da farar takarda wadda aka yi wa rubutu da jan biro, sa'an nan a kashe kowace fitila ta ɗakin a haska. Tumatir zai fito sarai, takarda za ta koma ja, ganye da ƙyalle za su yi duhu, rubutun jan biro kuwa zai kusa ɓacewa, domin shi da takardar duk ja suke mayarwa. Idan aka sake da koriyar leda, rubutun zai fito baƙi ƙirin, ganyen ya farfaɗo, tumatir ya mutu.

Ba kowa ne ke zama da jar fitila a gida ba, amma kowace fitila da ake kira fara tana da nata gamin, kuma babu biyu da suka yi daidai. Harshen wutar aci-balbal, da na fitilar ƙwai, da na kyandir, cike suke da ja da rawaya, shuɗi kaɗan ne a cikinsu. Haka ma ƙwan lantarki na da, mai 'yar waya a ciki wadda kan yi zafi har ta ba da haske. A ƙarƙashin waɗannan jar tufa takan ƙara kyau, tsire da balangu sukan ƙara armashi, amma shuɗi mai duhu yakan koma kamar baƙi, farin yadi da mai ruwan madara kuma ba a bambanta su. Dogon ƙwan lantarki, wanda ya cika ofisoshi da kantuna shekaru da dama, shi kuma tsofaffin samfurorinsa suna da ƙarancin ja, shi ya sa fuskar mai lafiya kan yi kamar ta wanda ya tashi daga jinya.

Fitilar da ta fi kowace ɓata launi ita ce ta sodiyam, mai hasken ruwan lemo, wadda aka fara kafawa a titunan Turai a 1932. Tsohon samfurinta kusan launi guda tak yake fitarwa, a kan nanomita 589. A ƙarƙashinta farar mota da rawaya ba su da bambanci, ja takan koma ruwan ƙasa mai duhu, shuɗiya ta koma baƙa. Samfurin da ya biyo baya, wanda aka saba gani a manyan titunan biranen ƙasar nan kafin yawaitar fitilun sola, ya ɗan fi shi, amma ba da yawa ba. Don haka shaidan da ya rantse cewa mota ruwan ƙasa ce ta buge mutum ta tsere a irin wannan titi da dare yana iya zama mai gaskiya, alhali motar ja ce. Ya kamata ɗan sanda da alƙali su riƙa tambayar irin fitilar da ke wurin kafin su ƙaryata shaida ko su dogara da shi.

Sa'an nan ga fitilun zamani masu tsimin wuta, irin waɗanda ke cikin tocila da fitilar caji da ta sola. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka yi nasarar ƙera ɗan ƙaramin ƙwai mai ba da shuɗin haske mai ƙarfi, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2014. Yawancin fararen fitilun yau asalinsu wannan shuɗi ne, aka lulluɓe shi da wani gari mai mayar da sashen hasken zuwa rawaya. Shuɗi da rawaya suka gauraya, ido ya ga fari. Amma a cikin masu araha ja mai zurfi ya yi ƙaranci, kuma wannan na daga cikin abin da kan sa ruwan hanta ya rikiɗe a ƙuryar kanti. A kasuwar kayan miya kuwa ko fitila ba a bukata, domin lema ko tamfol da ke bisa kan mai sayarwa shi ke tace hasken rana. Tattasai da tumatir a ƙarƙashin jar lema sukan yi kamar sun nuna sarai, sai an kai gida a ga ashe kallon kitse aka yi wa rogo. A manyan kantunan Turai da gangan ake sa fitila mai ɗan ja-ja a bisa teburin nama.

Akwai wata matsala da teloli da masu fitar da anko suka sha fama da ita. Rini iri biyu, waɗanda aka haɗa da sinadarai daban, suna iya fitowa launi ɗaya sak a ƙarƙashin fitila guda, su kuma rabu a ƙarƙashin wata. Dalilin yana cikin ido. A 1802 wani likita ɗan Ingila mai suna Thomas Young ya kawo ra'ayin cewa iri uku ne kacal na masu karɓar launi ke cikin idon mutum, binciken da aka yi daga baya kuma ya gaskata shi. Ɗaya ya fi jin ɓangaren ja, ɗaya ɓangaren kore, ɗaya ɓangaren shuɗi. Tun da ma'auni uku ne kawai, gami biyu mabambanta na iya ba ido amsa iri ɗaya, amma da zarar fitila ta sauya sai lissafin ya wargaje. Shi ya sa zaren aikin da tela ya zaɓa da dare ya dace da shadda kan fito bare ranar Salla a filin idi, kuma 'yan biki biyu da suka sayi anko a kantuna daban kan yi daidai a cikin zaure su bambanta a tsakar gida. Don kauce wa irin wannan asara, Hukumar Kula da Haske ta Duniya, mai hedikwata a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ta fara tsara ma'aunan haske na bai ɗaya a 1931. Masaƙun zamani sukan ajiye akwati mai fitilu iri iri, ciki har da mai kwaikwayon hasken rana, ba a kuma amincewa da rini sai ya dace a ƙarƙashinsu duka.

Mai karatu zai iya tambaya, idan haka ne, me ya sa farar riga ba ta zama rawaya a idon mai ita idan ya zauna kusa da fitilar ƙwai? Amsar ita ce ƙwaƙwalwa tana yin gyara ba tare da sanin mutum ba. Takan ƙiyasta launin hasken da ya cika wurin, ta cire shi daga abin da ido ya kawo mata. Wannan baiwa ce babba, domin ba don ita ba da mutum bai gane rigarsa ba tsakanin hantsi da la'asar. Sai dai ƙiyasi ne, yakan kuma kuskure. A watan Fabrairu na 2015 hoton wata rigar mata daga Birtaniya ya yaɗu a intanet, duniya ta rabu biyu a kansa. Wasu suka dage fara ce mai ratsin ruwan zinariya, wasu suka ce shuɗiya ce mai ratsin baƙi. Rigar a zahiri shuɗiya ce da baƙi. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta ɗauka a inuwa aka ɗauki hoton sun cire shuɗi sun ga fari, waɗanda tasu ta ɗauka hasken rawaya ne ya mamaye ta sun cire rawaya sun ga shuɗi. Gyaran nan kuma yana da iyaka, domin launin da fitila ba ta fitar ba sam, ƙwaƙwalwa ba ta da inda za ta samo shi.

Asarar turmin atamfa ana iya jure ta. Inda lamarin ya fi tsanani shi ne ɗakin mai jego. Likitoci sun ƙiyasta cewa wajen 60 cikin 100 na jariran da suka cika watanninsu, da wajen 80 cikin 100 na bakwaini, sukan sami shawara a makon farko na haihuwa. Tana faruwa ne idan wani sinadari mai launin rawaya, wanda ke fitowa daga tsofaffin ƙwayoyin jini, ya taru a jiki fiye da yadda ƙaramar hantar jariri za ta iya fitarwa. Ga yawancin jarirai takan wuce da kanta, amma idan ta yi yawa ba a kula ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko naƙasa ta har abada, ko ma ta yi sanadin ransa. Alamarta ta farko launi ce, kuma makon da take bayyana shi ne makon da uwa da ɗa ke ƙunshe a ɗaki kafin ranar suna, taga a rufe, labule a sake. A hasken fitilar ƙwai ko ƙwan lantarki mai ruwan rawaya komai na ɗakin yakan ɗauki rawaya, ƙwaƙwalwa kuma ta cire shi, har da na jikin jaririn. Ga fatar baƙin mutum da ma ba ta saurin nuna alamar.

Saboda haka shawarar ma'aikatan lafiya ita ce a riƙa duba jariri kowace rana a hasken rana, a bakin taga ko bakin ƙofa, nesa da labule mai launi. A duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa a hankali a saki, a ga ko wurin ya nuna rawaya. Shawara takan fara daga fuska ta gangara zuwa ƙirji da ciki da ƙafafu. Idan ta bayyana cikin awa 24 na farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko jariri ya ƙi kama nono yana yawan barci, to a garzaya asibiti ba tare da jiran suna ba, domin awon jini ne kaɗai ke nuna ainihin yawanta. A lura kuma, fito da jariri hasken rana don dubawa ne kawai. Shanya shi a rana ba ya maye gurbin asibiti, yana ma iya ƙona fatarsa.

Abin mamaki, maganin ma haske ne mai launi. A 1956 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Ward, a asibitin Rochford da ke Ingila, ta lura cewa fatar bakwainin da take fitarwa shan iska ta washe daga rawaya, in ban da wurin da gefen zane ya rufe. Likitocin asibitin suka bi diddigi, suka buga sakamakon a 1958. A yau ana kwantar da jariri a ƙarƙashin shuɗiyar fitila ta musamman, a rufe masa ido, hasken ya sauya sinadarin ya zama mai sauƙin fita daga jiki. A nan ma dokar launi ba ta sauya ba, domin a ƙarƙashin shuɗiyar fitilar ba a iya gane launin fatar jariri, sai ma'aikaciya ta kashe ta kafin ta duba shi.

Ga mai kanti ko tela da ke son a gama lafiya da masu saye, akwai lambobi biyu da akan buga a jikin kwalin ƙwan fitila. Ta farko tana ƙarewa da harafin K, ita ce ke nuna ko hasken ya karkata ga ja ko ga shuɗi. Harshen kyandir wajen 1,900 yake, ƙwan lantarki na da wajen 2,700, matsakaicin hasken rana kuwa wajen 6,500. Ta biyu tana tare da haruffan CRI ko Ra, iyakarta 100, ita ce ke nuna yadda fitilar ke fitar da launuka da gaskiya. Yawancin fitilun gida suna wajen 80. Wanda sana'arsa ta dogara da launi ya nemi mai 90 ko fiye, mai lambar K tsakanin 5,000 da 6,500. Mai saye kuwa ya riƙe al'adar iyaye, ya fito da kaya bakin ƙofa, a inuwa mai haske, tsakanin hantsi da la'asar, domin da sassafe da gab da magariba ita ma rana takan yi ja. Zare da shadda, ko hula da riga, a haɗa su wuri guda a duba a ciki, a kuma duba a waje.

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar biki suke nufi, amma maganar ta hau kan ranar da ke sama ma, tun da ita ce hasken da ya tattara dukan launuka, da ita kuma aka raɗa wa ɗorawa da goro da toka sunayen launinsu. Wanda zai sayi tufa, da wanda zai ba da shaida, da ungozomar da za ta duba jariri, kowa ya fara tambayar kansa irin hasken da yake kallo da shi. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai rai.